Kwalaben Ƙasar Da Na Juye A Rafi

Ni manomin rake ne a yankin Taba, kuma a lokacin ina cikin dattawan da ake kira idan rigimar iyakar gona ta taso. Bokona bai wuce firamare ba, amma na tsaya har 'yata ta fari ta gama jami'a ta zarce bincike. Ta sha gaya mini cewa a cikin ƙasa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, wasunsu na fitar da abin da ke kashe ƙwayoyin cuta, kuma daga irinsu ake samo magungunan asibiti. Nakan gyaɗa kai kawai.

Wata shekara lokacin kaka, 'yar tawa ta zo gida da ƙananan kwalabe. Kwana huɗu tana bin fadamu tana ɗiban ƙasa da cokali, tana rubuta sunan mai gona a jikin kowace kwalba don ta san inda ta ɗebo. Wadda ta fi ji da ita ta bakin wani tsohon kududdufi ce. Ta ce abin da ta samo daga ƙasar wurin bara ta yi rainonsa a ɗakin bincike ya hana wata ƙwayar cuta mai taurin kai yaɗuwa, sai ya mutu da firij ya lalace, shi ya sa ta yi sauri ta dawo, don a makon za a cike wurin a gina shaguna. To a wajenmu kowa ya san abin da ake zargi idan aka ɗebi ƙasar mutum aka rubuta sunansa. Bayan la'asar wani maƙwabcina ya tare ni a ƙofar masallaci, ya tambaye ni yana murmushi ko boka ne ya aiko malamar tamu, don ya ji sunansa na cikin kwalba, ga rakensa bana duk ya tsumbure. Jama'a suka yi dariya, ni kuwa na koma gida kaina a sunkuye.

Washegari da ta tafi Hunkuyi gai da gwaggonta ta kwana biyu, na kwashe kwalaben a buhu na kai rafi, na juye su ɗaya bayan ɗaya. Da ta dawo ba ta ɗaga mini murya ba. Ta kira ni Baba kamar kullum, ta tambaye ni me ya hana in tambaye ta. Muka je kududdufin tare, muka tarar tifa ta riga ta binne bakinsa da jar ƙasa. Aikinta ya koma baya da shekara guda. Har yau tana kira a waya mu gaisa, ba ta taɓa tayar da maganar ba, amma yanzu can wajen Paki take ɗiban ƙasarta.

Bara gyambo ya kama ƙafar mahaifiyarta. Sau uku ana canja magani, likita ya ce ƙwayoyin cutar sun saba da shi. Allah Ya ba ta sauƙi, amma ni tun ranar da likita ya faɗi haka na kasa zama wuri ɗaya. Ko a gona nake, sai in tsaya ina kallon ƙasar da ke bakin fartanya, ina tunanin me na zubar. Na sayi kwalabe na bi gonaki, na fara da ta maƙwabcin nan, na nemi izininsa a gaban mutane, na rubuta sunansa da hannuna. Da na gaya wa 'yata ta yi dariya, ta ce ba haka ake ɗiba ba, sai ta zo da kanta, za ta duba lokaci.

Iyaye 'yan'uwana, idan ɗanku ya zo da aikin da ba ku gane ba, ku zaunar da shi ku tambaye shi kafin ku saurari 'yan ƙofar masallaci. Ni dariyar yini ɗaya na guda. Ga kwalabena jere a taga, kuma duk motar da ta tsaya a bakin titi sai na miƙe.