Ranar da Ɗalha Ɗan Kora Ya Durƙusa a Durun

In ka taɓa zama a teburin mai shayi a Getso ka ga wani dogo siriri yana shan nasa a tsaye, yana canja ƙafa kamar wanda cinnaka ya shiga wa wando, to Ɗalha ɗan kora ka gani. Shekararsa arba'in da bakwai. Ni kuwa tun yana aji uku na firamare na san shi, lokacin ina malamin wasanni. Sunana Muhsin, amma har na yi ritaya Gemasta ake ce mini. A duk yaran da na koyar babu wanda ya sha bulalata kamarsa, kuma wallahi ba rashin kunya gare shi ba. Zama ne kawai ba ya iyawa.

A aji biyar ya bar boko. Makarantar allo ya kai izu goma sha takwas ya ajiye. Aka kai shi koyon ɗinki, ya iya wando, kafin a zo kan riga ya cika wa rigarsa iska. Abin da ya karɓe shi kawai shi ne kora: fatake su sayi shanu a kasuwar Getso, shi ya kora su da ƙafa zuwa inda aka ce, kwana biyu ko uku a hanya. Da motoci suka ƙwace wannan sana'a sai ya koma noma, ƙafar kuwa ba ta san an daina ba. Kafin hantsi ya zaga gonarsa sau uku, ya leƙa Gwarzo ya dawo ba tare da ya sayi ko allura ba.

Matarsa Turai 'yar Durun ce, ɗiyar Malam Hambali mai makarantar allo. Ranar da aka je neman aurenta, shekara ashirin da biyu ke nan, ina cikin masu rakiya, a kunnena aka yi maganar. Malam ya dubi wakilan Ɗalha ya ce, "Na ba shi, don ban ji an ce yana sata ko ƙarya ba. Sai dai har yau ban ji abin da ya fara ya ƙare ba."

Aka yi dariya, aka shafa fatiha. Kowa ya manta, ban da Ɗalha da aka kai wa labari. Maganar nan ta zauna masa a ƙirji kamar ƙashin kifi. Na taɓa ce masa, "Haba Ɗalha, shanun mutane fa kana kai su har inda aka ce!" Ya ce, "Gemasta, wannan ai shanun ne suka kai kansu, ni bin su na yi."

To bara, da damina ta ja baya, wata ƙungiyar matasa ta ce za ta shirya gudun fanfalaki daga Gwarzo zuwa Kabo. Hanyar mota ba ta kai tsawon da ake so ba, sai suka lanƙwasa ta cikin gonaki da ƙauyuka har ta cika kilomita arba'in da biyu. Duk wanda ya isa kafin kiran azahar, ƙarfe biyu, za a ba shi takarda mai hatimi an rubuta sunansa, an ce ya kammala. Ɗalha ya zo ƙofar gidana, bai ko zauna a tabarmar da na shimfiɗa masa ba.

"Gemasta, da gaske za su rubuta ya kammala?"

"Haka suka ce."

"To ni ba na son keken da za a ba na ɗaya. Takardar nake so. Turai za ta kai wa Baba Malam."

Wata biyu muka yi ina bin sa a babur yana gudu. Na koya masa shan ruwa kaɗan-kaɗan da tanadin numfashi. Na kuma kafa masa doka ɗaya, na maimaita har bakina ya yi tsami: ranar gudu babu tsayawa gaisuwa. Ko hakimi ka gani, ɗaga masa hannu ka wuce. In ƙafa ta yi zafi aka tsayar da ita, jijiya ɗaurewa take yi. Ya ce to. Ni da wautata ban tsaya na duba ta ƙofar gidan wa hanyar ta bi ba.

Ranar Asabar tun bakwai muna filin tashi a Gwarzo. Mutum sittin da uku ne, an maƙala wa kowa lamba a ƙirji. Akwai ɗaliban sakandare, da wani soja da ya zo hutu, da 'yan ƙwallo, da wasu 'yan birni masu takalman da ka san ba a kasuwar ƙauye aka saye su ba. Ɗalha kuwa gajeren wando na aro da kambas na gwanjo, sai jan wandon yake yi ƙasa don ya rufe gwiwa. Babban baƙon da zai busa usur bai iso ba sai tara saura. Aka yi jawabi, aka yi godiya ga wanda ya yi jawabi. Ɗalha ya zaga filin nan ya fi sau ashirin. Na ce, "Kai, don Allah tsaya, gudun ka fara tun yanzu?" Ƙarfe tara aka sake su, rana ta riga ta ɗaga.

Masu shirin sun yi ta yayata cewa hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawa babu gangara, wai sauƙi ke nan. Sauƙin banza! Hanya mai tudu ko ba komai tana ba ka abin da za ka ce na wuce. Wannan kuwa miƙe take ɗoɗar, dawa ta yi tsayi dama da hagu ta tare iska, ka yi gudun awa guda ka ga kamar a wuri ɗaya kake. Ɗaliban da suka fita a guje kamar an biyo su, kafin Getso na tarar da rabinsu zube a gindin mangwaro. Wani ɗan birni ya tare ni yana haki ya ce, "Baba, nawa ya rage?" Na ce, "Ɗana, tambayi nawa ka yi, zai fi maka daɗin ji."

Ɗalha kam ko a jikinsa. Gudunsa na kora yake yi, ƙafa ba ta nisa da ƙasa, kai a sunkuye. A Getso mutanensa sun yi dafifi a bakin hanya, ana "Ɗalha! Ɗan kora!" Dattawan unguwarsu na zaune a dakali. Na ga kafaɗarsa ta fara rusunawa, na danna oda na daka masa tsawa, "Wuce!" Ya dunƙule hannu ya jinjina musu ya wuce, fuskarsa kamar wanda ya yi sata. Na ce a raina shi ke nan, na yi maganin abin.

Sha biyu da kwata muka doshi Durun. Kilomita talatin da ɗaya a baya, sha ɗaya a gaba, mutum tara kacal ke gabansa. Ko da rarrafe-rarrafen gudu ne zai isa Kabo da sauran lokaci. Har na fara washe baki. Muna karya kwana sai na hango wata dalbejiya, a gindinta wani tsoho fari fat da gemu yana zaune a buzu, dattawa uku na gefensa. Malam Hambali ne! Jar ƙasar da aka zuba wa farar toka don nuna hanya ta bi ta ƙofar gidan Malam Hambali, taku biyar tsakaninta da buzunsa.

Ɗalha ya ja birki a bayan wani rumbu.

"Gemasta, ba ni rigarka."

"Rigar wa? Ɗalha, kana da hankali kuwa? Rufe ido ka wuce, bai ma gane ka ba!"

"In wuce Baba Malam a guje? Da takalmi? Cinya a waje?" Ya dube ni kamar na ce ya ci mushe. "Ba ni rigar."

Na yi faɗa, na yi magiya, na tuna masa jijiya. Ina! Hali zanen dutse. Haka na tuɓe jallabiyata na miƙa masa, har da hula, na tsaya a bayan rumbun mutane daga ni sai singileti da tumbi. Ya zura ta a kan lambarsa, ya cire kambas ya riƙe a hannu, ya taka a hankali kamar mai zuwa ta'aziyya. Daga nesa ya durƙusa.

"Allah gafarta Malam, barka da hutawa."

"A'a, Ɗalha ne? Barka kadai. Yaya gida?"

"Lafiya lau."

"Yaya mutanen gidan? Yaya yaran? Yaya muka ji da zafin nan?"

Ina leƙe ina cizon yatsa. Aka gaisa da Malam, aka bi dattawan nan uku ɗaya bayan ɗaya, kowanne da nasa jerin. Aka tambayi gero, aka tambayi wake ko tsutsa ta taɓa shi. Masu gudu suna ta wucewa ta bayansa, ina ƙirga su, har na kai goma sha huɗu na daina don takaici. Malam ya sa aka kawo ruwan randa a kwanon sha, sanyinsa har ya yi raɓa a jikin kwanon, aka ajiye a gabansa. Mutumin da ya yi kilomita talatin da ɗaya a rana! Na ga maƙogwaronsa yana motsi. Amma wa ya taɓa ganin suruki ya ɗaga kwano a gaban uban matarsa? Ya ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi."

Can Malam ya ce, "Ina zuwa haka da tsakar rana?"

"Kabo zan ɗan leƙa."

Tsohon ya dubi ƙafafunsa da suka yi jawur da ƙasa, ya dubi gefen lambar da ta leƙo ta wuyan jallabiya.

"Saura nawa?"

Ɗalha ya ƙara sunkuyar da kai. "Sha ɗaya, Allah gafarta Malam."

"To tashi ka ƙarasa."

Ya yunƙura, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Abin da na yi ta faɗa ya faru, jijiyoyin duka biyun sun ɗaure tamau. Ya sake yunƙurawa, ya dafa ƙasa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Malam Hambali ya miƙe ya naɗe buzunsa, ya ce wa dattawan, "Ku zo mu shiga zaure, rana ta iso nan." Wallahi inuwa ce lumshi a wurin. Suka shige, aka saki asabari.

Na fito da tumbina na ja shi gefe. Na murza, na daka, na ja yatsu, yana cije leɓe. Faɗan da na yi masa a lokacin ba zai maimaitu ba, har ɗan banza na ce masa, mutum mai 'ya'ya shida. Ɗaya saura 'yan mintoci ya iya tsayuwa. Na ce, "Hau babur mu tafi gida, lokaci ya riga ya ƙure." Bai ko kalle ni ba. Ya sa kambas ya kama hanya yana ɗingishi, da jallabiyata a jikinsa.

Ban taɓa ganin hanya mai tsawon wannan sha ɗayan ba. Tun daga nesa muke hango dogon ƙarfen sabis na Kabo, muna tafiya yana nan inda yake. Ya yi gudu taku hamsin, ƙafa ta riƙe, ya koma tafiya. Muna tsakiyar gonaki iska ta kawo mana kiran sallar azahar. Ya tsaya cak. Na ga idonsa ya kawo ruwa, ni ma nawa ya kawo, don tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Muka yi alwala da ruwan ledar da ya rage, muka yi salla a gefen hanya, shi a zaune. Da muka sallame ya ce, "Gemasta, babu takarda ko?" Na ce babu. Ya kama karan dawa ya miƙe, ya ci gaba.

Uku ta wuce muka shiga filin makarantar da aka ƙare gudun. An kwance igiya, an naɗe rumfa, an kwashe kujeru. Sai ledojin ruwa da awaki. A tsakiyar filin kuwa, ga mutum ɗaya zaune a buzu, riƙe da sanda, wani ɗan acaɓa na jiransa a inuwa. Ashe muna barin Durun Malam ya sa aka ɗauko shi ta hanyar mota. Daga baya na ji har roƙon masu shirin ya yi su jira mutum ɗaya, suka ce doka ce.

Da ya hango mu ya miƙe, ya ja layi a ƙasa da sandarsa, daidai tsakanin ramukan da aka cire turakun igiya. Ɗalha na ganinsa ya tsaya, ya fara kiciniyar cire takalmi zai durƙusa. Saura taku uku!

"A'a," in ji Malam. "Ba nan ba. Tsallako tukuna."

Ya tsallaka da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, sannan ya zube.

Malam ya juyo gare ni. "Malam Muhsin, kai ka ga farkonsa?"

"Na gani, Allah gafarta Malam. A Gwarzo, ƙarfe tara."

"To ni na ga ƙarshensa. Mun zama biyu, shaida ta cika. Akwai maganar da na taɓa yi a zaurena, kana wurin. Na janye ta."

Ɗalha ya cusa fuska a hannun jallabiyata, kafaɗunsa na rawa. Leɓensa duk ya tsage don ƙishi. Tsohon ya kwance butar da ya rataya a babur ɗin ɗan acaɓan, ya miƙo mini, sannan ya juya mana baya yana kallon katangar makaranta.

"Ba shi ya sha," ya ce. "Ni ba na gani."