Teburin Madam Rakiya da Ya Ƙi Sauka

Ni na yi laifi, gara in faɗa tun da fari, kada waɗanda suka shigo aiki bayanmu su ci gaba da jin wai kuran ne ya ƙone teburin Madam Rakiya. Wutar lantarki tana da nata zunubai a Filinge, amma wannan ba ya ciki. Ranar da na hau teburin nan har gobe ba ta fita raina ba.

Ni magaziniye ne a biron, wato ofishin, wata ƙungiyar manoma. Aikina riƙon makullin sito, karɓar kaya, da sayo abin da biro ke bukata idan Shef Hamidu, shugabanmu, ya sa hannu. Madam Rakiya ita ce mai karɓar mutane. Duk wakilin ƙauye da ya zo neman irin gero ko wake ko taki, gabanta yake fara zama, ta saurare shi, ta shigar da bukatarsa a kwamfuta, sannan a turo shi wurina. Ta girme ni, ita ce ma ta yi mini hanya aka ɗauke ni aiki, shi ya sa Yaya nake ce mata.

Ciwon baya ya daɗe yana damunta. Likita a Yamai ya ce dogon zama ne, ta nemi tebur mai tashi da sauka, ta yi aiki a zaune, in baya ya gaji ta ɗaga shi ta ɗan yi a tsaye. Shef ya amince cikin watan Afrilu, kafin rabon iri, aka ce ni zan je sayowa. Ana gobe zan tafi ta kira ni.

"Isuhu, mai hannu nika so, wanda aka juyawa kamar injin taliya. Ka jijjiga shi ka ga ko ƙafafu na rawa. Ka tambayi nauyin da shika ɗauka. Wanda in ya lalace mai walda na bakin kasuwa zai iya gyarawa. Kar ka kwaso muna abin da bai motsi sai da kuran."

Na ce, "Yaya, an gama."

A Yamai mai shago ya nuna mini iri uku. Akwai mai ramuka da ƙusa, mai araha, amma sai mutum biyu sun tallabe shi kafin a canza tsayinsa. Akwai mai hannun da aka aike ni. Sai wani na lantarki, kwance, wato an taɓa amfani da shi, wanda kuɗinsa bai wuce abin da aka ba ni ba. Mutumin ya danna wani ɗan maɓalli, tebur ya miƙe da kansa a hankali kamar raƙumi zai tashi. Daga nan kunnena ya toshe. Ban jijjiga ba, ban tambayi nauyi ba, ban tambayi wa ke gyara ba. Da na dawo kuma, don kada a ce a mayar, na ɗora tsohon teburinta a motar da za ta kai kaya reshenmu na Damana.

Ta dube shi, ta dube ni. "Wanga shi ne mai hannun?"

"Yaya, zamani ya zo. Hannun ya koma ɗan yatsa."

"Allah shi shirye ka."

Gaskiya da farko ya yi aiki. Ni ne na kasa barinsa. Wata rana bayan an tashi, muna shan shayi a gindin bedi da abokaina, Ali mai gadi ya ce ƙarya ne, tebur ba ya tashi da kansa sai in da aljani a ciki. Makulli yana aljihuna. Na shigar da su, na ɗaga, na sauke, na sake ɗagawa. Sai na janye kwamfutar gefe, na haye na harɗe ƙafafu, aka danna, na tashi sama suna ta "Allah ja zamaninka!" Da aka sauko da ni Ali ya ce shi ma sai ya ɗana. Wanda ya san Ali ya san buhun gero biyu ba su kai shi ba. Muka hau tare. Tebur ya yi ta nishi har ya kai ƙarshen tsayinsa, ya yi wani ƙara, warin ƙonannar roba ya cika ɗakin. Muka dirgo. Na danna har yatsana ya yi zafi, ko gezau.

Da safe na ce kuran ne ya dawo da ƙarfi. Ta yarda nan take, don ba gidan da kuran bai ci wa fanka ko firji ba a garin nan.

Madam Rakiya gajeruwa ce, tebur kuwa ya kai mata kusan haɓa. Ni da kaina na kawo mata katako daga sito ta riƙa takawa. Shef ya ce a jira a samo wa teburin sabon inji daga Yamai. Ana haka rabon iri ya kama.

Waɗanda ba 'yan ƙasarmu ta Kurfai ba, ku san wannan: a nan ba a faɗa wa mutum bukata yana tsaye. Mai tsayuwa mai tafiya ne. Sai an zauna, an tambayi gida, an tambayi gona da dabbobi, sannan magana ta fito da kanta. Washegarin kasuwa tsofaffi suka cika biro. Mutum ya shigo, ya ga Madam can sama, ya gaishe ta, ya ce, "To, na ga kina bisa hanya, sai wani jiƙon," ya juya.

"Baba, zauna mana, ga kujera!"

"A'a ɗiyata, ke tsaye ni zaune? Ba a yi haka ba."

In ta sauko ta zauna don su saki jiki, dole ta sake hawa ta rubuta, ta sake saukowa ta ji sauran. Hawa da sauka, hawa da sauka, har bayan ya fi da ciwo. Daga baya ta haƙura ta tsaya cak. Ina kallo daga ƙofar sito, ina jin nauyi a raina, amma bakina bai buɗe ba.

Wani tsoho daga wajen Bonkuku ya kai ƙara wurin Shef, ni kuwa ina ciki na kawo takardar sa hannu.

"Tun asuba munka taso," in ji shi. "Da can ɗiyarmu ce. Yanzu ta hau bisa tana leƙo mu kamar shamuwa kan rumbu. In girman kai ya zo, a ba mu wani."

Ba shi kaɗai ba ne, kuma waɗannan tsofaffin su ke zaɓen kwamitin da ke riƙe da mu. Ranar Alhamis, Madam tana gida baya ya kwantar da ita, Shef ya kira ni.

"Isuhu, daga Litinin kai za ka zauna wurin Rakiya. Kwamiti zai duba ko za ta dawo. Ita ta nace a sayo abin nan, ga inda ya kai mu."

Kujerar matar da ta kawo ni aiki ake miƙo mini. Na faɗa masa komai, tun daga shagon Yamai har warin roba.

Ya ce, "Kai kaɗai ka hau?"

"Ni da Ali."

"Ali mai gadi? Ali duka?"

Ya juya fuska bango, kafaɗunsa suna rawa. Dariyar ba ta hana shi rubuta mini gargaɗi ba. Ya ce in koma Yamai in kawo mai hannu, wancan kuma a kai sito a ɗora masa iri, tun da gara ba ta kai can sama.

Abin da na koya, ku 'yan baya, shi ne mai sayo kayan aiki ba don idonsa yake saye ba. Ka ji maganar wanda zai yini a kan abin, ka jijjiga, ka tambayi mai gyara. Ka kuma tuna teburin biro irin namu ba na mai shi kaɗai ba ne, har da wanda zai zauna a ɗaya gefen.

Bayan la'asar na tafi gidanta. Tana kwance kan tabarma a rumfa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Isuhu ne? Na ji labari. Ka taho in yi maka barka da sabuwar kujera?"

Na cire takalma, na durƙusa a ƙasa.

"Yaya, ba kuran ba ne. Ni na hau, na kuma ɗora Ali. Kin ce mai hannu, na bi son raina. Na ga kina hawa kina sauka na yi shiru, har katako na kawo miki. Na ɓata miki baya, na ɓata miki suna. Ranar kasuwa zan bi tsofaffin nan ɗaya ɗaya in faɗa musu da bakina. Ki yafe mini don Allah. In kuma sai kin rama, ga bayana nan, shi lafiyarsa lau."