Ranar da Baba Ya Kifar da Ni a Yanbu

Jiya na ga kwale-kwale a kife bakin rafi, sai na tuna Baba, tsohon masuncin Yawuri da ke ban ruwan dabino a Ƙuba, zamanin da nake karatu a Madina.

Ya san tun da kogi ya ci wana nake tsoron ruwa. Wata Alhamis ya kai ni bakin teku a Yanbu, ya aro siririn jirgi mai cin mutum ɗaya, ya zaunar da ni, shi yana tsaye ruwa iya ƙirji.

"Ya waladi, ɗana, kada ka yi kokawa. Ƙugu ke tada jirgi, kai ya biyo baya."

Sai ya kifar da ni. Duniya ta yi tsit, ta koma koriya, rana tana lilo can ƙarƙashina kamar faranti. Sau shida yana kifar da ni, yana ɗago ni ina tarin gishiri. A na bakwai ya janye hannu. Na shari ruwa da filafili, na murɗa ƙugu, sai ga ni a sama, Baba yana dariya, gemunsa na ɗiga.

Allah Ya sanyaya makwancinsa, Ya ɗago shi cikin sauƙi ranar tashi.