Sabarar Kan Iyaka

Tun kafin Baba ya rasu kachala ta cinye mana fadama, ciyawar nan da ta shaƙe kogin Haɗeja. Gonar tudu kaɗai ta rage mana ni da Inna, da geronta muke ci. Iyakarta da gonar Baffa, ƙanin Baba, layin sabara ne. Duk shekara wajen sassabe Baba yakan sare sabarar da ta fito a gonar kaf, ya bar wannan layin ya girma har ƙugu, yana furensa rawaya.

A ranin shekarar da Baba ya rasu masunta suka cinna wa kachala wuta don su buɗe hanyar ruwa. Iska ta juya, wutar ta haura tudu. Gonakin biyu suka koma fili ɗaya, baƙi ƙirin.

Toka ba ta gama hucewa ba Baffa ya zo ya kafa turke a tsakiyar gonarmu, wai nan iyakar take tun kakanni. Mutumin da ko kunyar kabarin yayansa bai ji ba. Inna tana takaba, don haka ni na je wurin Bulama, mai garinmu, raina yana tafasa.

Bulama ya ce, "Yi haƙuri, 'yata. Wuta ba ta kashe sabara, saiwarta tana ƙasa. A jira ta toho, ita za ta raba gardama."

Na riƙe maganar nan hannu biyu, don ba ni da wata. Kullum ina gona a durƙushe, ina tona toka da yatsu. Har ruwa na riƙa ɗaukowa daga kogi ina zubawa inda nake zaton layin yake. Aka fara cewa na zautu. Wallahi tsoro ne, damina tana matsowa, rumbu ya kusa ƙasa.

Ta kuwa toho. Sai dai ba layin kaɗai ba. Duk kututturen da Baba ya yi shekaru yana sarewa ya fito, ko'ina a gonar, tsayinsu ɗaya. Bulama ya zo ya duba, ya ce, "To wacce a ciki?" Na nuna tawa, Baffa ya nuna tasa. Bulama ya juya ya tafi ba hukunci, turken kuma yana inda yake.

Na dawo gida, Inna tana zaune kan tabarma da carbi. Ta ce, "Ta fito?"

Na ce, "Ta fito, Inna."

Ta ɗaga hannu tana gode wa Allah. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa ƙarasa mata.