Ranar da Balki Ta Fito da Mu Shara da Tsakar Rana

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Balki, kuma har yau mamakin matar nan bai sake ni ba.

Mu masu sharar titi ne a Yamai. Ɗan kwangilar da ya ɗauke mu yakan fitar da mu tun da asuba, kafin rana ta fito mun gama mun ɓace. Jama'a su tashi su tarar da titi fes, kamar aljanu suka share. Doka ta yanka albashi mafi ƙanƙanta, amma mu ko ƙanshinsa ba mu ji. Mazan sandika, ƙungiyar ƙwadago, suka ce mu zauna gida, za su yi magana a madadinmu. Balki ta dubi shugabansu ta ce, "Malam, ka taɓa riƙe tsintsiya? To bakina ba ciwo yake ba."

Yajin aiki kora ne, mun sani. Mata birjik na jiran gurbinmu, ni kuma ga marayu a ɗaka. Sai Balki ta ce ba za mu ajiye tsintsiya ba, lokaci kawai za mu sauya. Muka fito da tsakar rana a unguwar Maourey, daidai lokacin da manya ke barin biro, wato ofis. Ƙura ta tashi, motoci suka cunkushe. Wani mai taksi ya leƙo: "Inna, daga ina kuka ɓullo?"

Balki ta ce, "Ɗana, muna nan tun kana goye. Barci kake yi."

Wallahi ni sai waige-waige nake. Ita ko, shara take hankali kwance, kamar tsakar gidanta.

Ba a kore mu ba. An kira mu zama, ta ce sai dai mai shara ta zauna a kujerar wakilcin masu shara. Da aka miƙo takarda ta kasa karantawa, ta dawo ta tura ni makarantar manya da furfurata. Yau ni ke kan kujerar nan.

An ƙara albashin bayan ranta. Na san ba za ta yi guɗa ba. Tambaya za ta yi: 'yan aikin gidaje fa, wa ke ganinsu?

Amma jiya na ga wata sabuwar mai shara, rana tsaka, wani ya rage gudu ya ce mata sannu da aiki. Ta amsa ba ta ko ɗago ba. Ba ta san gaisuwar nan ƙwato ta aka yi ba.

Allah ya jiƙan wadda ta ƙwato ta.