Yatsun Dokta a Gindin Tsamiyar Tamawa

Har yau ban manta da ranar da muka je yin lamba a Tamawa ba, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai. Lokacin ina ƙaramin malamin asibiti a Dutsin-Ma, aikina tafasa kayan aiki da yin tafinta. Lamba, don yaran yanzu, 'yar tsaga ce a dantse da ake sa wa maganin rigakafin agana. Agana kuwa ta riga ta shiga ƙauyukan Kurfi, ga damina ta kawo kai. In mutanen Tamawa suka ƙi karɓa a ranar, mota ba za ta sake shiga garin ba sai kaka.

Shugabanmu wani likita ne Ba'indiye, siriri, marar yawan magana. Kafin ya taɓa kowa sai ya zauna ya tanƙwashe ƙafa, ya ɗora hannuwa a gwiwa, ya haɗa kan babban yatsa da na manuni, sauran ukun a miƙe, ya lumshe ido. Mu mun saba, har kwaikwayonsa muke yi in ya ba da baya.

Mutanen Tamawa fa ba su saba ba. Layi ya yi tsawo a gindin tsamiya, sai Dokta ya yi wannan zama nasa dab da akwatin magani. Kafin na gama kunna risho, mata sun janye 'ya'yansu, layi ya watse.

Limamin garin, Malam Iro, ya matso ya ce, "Sada, mi wanga bawan Allah yake karanta ma magani?"

Ni da wayona na ce, "Allah gafarta Malam, tasbihi yake ja, irin na ƙasarsu."

Ya ƙura wa hannun Dokta ido. "Tun ba a haife ka ba nake tasbihi da yatsu. Yatsa tafiya yake, gaɓa bayan gaɓa. Nashi ya tsaya wuri guda. Faɗa mani gaskiya."

Kunya ta rufe ni. Da Dokta ya buɗe ido na gaya masa komai, har da ƙaryata. Ya ce, "Gaya masa ba abin da nake karantawa. Hanya ta jijjiga ni, hannuna yana rawa. Kakana ne ya koya mini wannan zama don hankali ya dawo, zuciya ta natsu. Ba zan tsaga ɗan wani da hannu mai rawa ba."

Na fassara, ban ƙara ko kalma ba.

Malam Iro ya ce, "Ya miƙo hannun in gani." Dokta ya miƙa, ko motsi babu. "Kai ma miƙo naka." Nawa sai kaɗawa yake kamar ganyen rama. Mutane suka kwashe da dariya.

Malam ya naɗe hannun riga ya ce, "Shi zai yi mani. Kai kuwa je ka zauna, ka haɗa yatsun nan."

Kafin la'asar mun yi wa garin lamba kaf.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba baƙon abu suke gudu ba, rainin wayo suke gudu. Tun daga ranar ban sake yi wa majinyaci ƙarya don ya yarda ba. Kuma har na yi ritaya, kafin in ɗauki allura sai na yi Bismillah, na haɗa yatsuna biyu, na jira hannuna ya daina rawa.