Muryar Babur Ɗin Babanmu

Tun da ya ajiye aiki, Baban Gareji, wanda muke kira Baba, bai koyi zama ba. Da hantsi za ka same shi a tsakar gidansa, zaune kan tsohuwar taya, kwanon kananzir a gabansa, yana wanke ƙarafa da buroshin haƙori. Matarsa ta gaji da faɗa. Ta ce min, “Wai ya bar gareji, sai garejin ya biyo shi gida. Ko farantina bai tsira ba, duk notuna ne a ciki.”

A unguwarmu babu mai babur da bai taɓa tsayawa a inuwarsa ba. Ba ya taɓa inji sai ya saurare shi tukuna. Mai kai burodi shaguna ya ba ni labarin ranar da babur ya mace masa a bayan gari ana tsuga ruwa, Baba ya tako da ƙafa, sifana a aljihu. Telan layinmu kuwa ƙorafi yake yi, wai in ka kai masa gyaran birki, ba zai sake ka ba sai ya duba fitila. Baba ba ya barin aibi a jikin abin da ya bi ta hannunsa, shi ya sa aikin da ya yi mana ya fi kowanne yi masa wuya.

Babur ɗin mahaifinmu ne, irin na da mai dogon tanki. Tun rasuwarsa yake jingine a ɗakin ajiya, tsatsa ta ci, ɓeraye sun gama da kujerar. Idon Umma ya tafi, hoto ba ya yi mata amfani yanzu. Wata rana ta ce min fuskar babanmu na nan daram a ranta, amma ƙarar babur ɗinsa in ya shawo kwanar gida ta fara ɓace mata. A hankali ta faɗa, amma maganar ta tsaya min a rai.

Baba aminin mahaifinmu ne tun ƙuruciya. Da na gaya masa maganar Umma, sai ya zo ya tura babur ɗin zuwa gidansa. Ya yi watanni yana bin ’yan gwangwan, abin da bai samu ba ya goge ƙarfe ya ƙera. Ranar da ya kawo shi ƙofar gidanmu sai sheƙi yake yi, bugu ɗaya ya tashi.

Umma ta saurara daga bakin taga. Ta ce, “Sannu da ƙoƙari, Malam. Amma wannan ba shi ba ne.”

Baba ya dubi babur ɗin. Can sai ya yi dariya, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce min, “’Yata, hujin nan ne na jikin salansa, inda hayaƙi ke fita. Shekara da shekaru ina bin babanki in liƙe, yana cewa in bar masa abinsa, da shi ake gane shi a gida. Na ga ba ya nan, na samu dama na liƙe.”

Na ga mutumin nan ya durƙusa, ya ɗauki ƙusa da guduma, ya huda waldar da ya yi da hannunsa. Ya tayar da inji, ya karkata kai, ya kashe, ya ɗan ƙara faɗin hujin. Babu wanda zai tambaya, don daga shi sai Umma suka rage masu tuna ƙarar.

Baba, kai ne bakaniken da ya san cewa ba kowane aibi ake gyarawa ba. Kai ma kewar abokinka kake yi, na gani. Mun gode, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Masu tasowa a sana’a, ku je ku zauna kusa da shi tun yana nan, ku koyi sauraro kafin ku koyi kwance noti.

Da Baba ya sake buga babur ɗin, ƙarar ta fito da ’yar tsagewa. Na shiga ɗaki na tarar da Umma a tsaye, ta dafa bango, fuskarta na wajen ƙofa. Na tambaye ta ko shi ne.

Ta ce, “Je ki ce masa kada ya kashe tukuna.”